Babi na Shida: Gizo Mai Gashi a Birnin Shehu

Duk dabbar da Basakkwace ya ɗaure a gidansa akwai abin da yake jira daga gare ta. Ragon da aka sayo a Kara ana zuba masa dusa da harawa ne da lissafin Babbar Salla. Jar akuya tana ba da nono da 'ya'ya, in an yanka ta fatarta ta wuce majema, fatar nan da ayarin raƙuma suka daɗe suna ƙetare Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Tantabara ma, da ake cewa kiwon sha'awa ce, ranar da aljihu ya yi sanyi ana sanin amfaninta. Shi ya sa ranar da ɗan yayata ya shigo gidanmu na Mabera rungume da wata roba, ya buɗe murfinta a tsakar gida, tambayar farko da Inna ta yi masa ba ta tsoro ba ce.

"Kai maigida, wanga abu cin shi aka yi?"

"A'a, Kaka."

"Magani na?"

"Kallonai kawai aka yi."

Ta sake leƙawa, ta ja zanenta. "To ka nemi wata mata. Ni ba ni zama da kishiya mai ƙahwa takwas."

Abin da ke cikin robar gizo-gizo ne, amma ba irin na kusurwar ɗaki da ake kakkaɓewa da tsintsiya ba. Faɗinsa ya kusa tafin hannun yaro, jikinsa duk gashi. Tarantula ake ce masa. Sunan ya samo asali ne daga Taranto, wani gari a kudancin Italiya, inda mutane a da suka yi imani cewa wanda gizon yankin ya ciza ba ya warkewa sai ya yi ta rawa har ya faɗi. Gizon na Taranto ma wani dangi ne daban, sunan ne kawai Turawa suka ɗauka suka ɗora wa manyan gizo masu gashi da suka tarar a wasu nahiyoyi. Masana sun tattara waɗannan a dangi ɗaya mai suna Theraphosidae, kuma nau'o'in da aka sani sun haura 1,000. Babbansu yana dazukan arewacin Kudancin Amurka, in ya miƙe ƙafafu yana kusan santimita 30, wato ya cika farantin tuwo.

Mu da gizo ba baƙin juna ba ne. A tatsuniya shi ne sarkin wayo, mijin Ƙoƙi, mai tsamin baki, wanda muke ɗora wa alhakin duk ƙaryar da muka shirga kafin mu kwanta. A Alƙur'ani sura ta 29 sunansa take ɗauke da shi, kuma kowane ɗan makarantar allo ya ji labarin saƙar da aka ce ya yi a bakin kogo lokacin Hijira. Amma a tsakar gida takalmi muke bin sa da shi, muna zargin tautau da yi wa mutane fitsari, alhali ƙurajen nan masu ruwa galibi aikin ƙwari ne irin su hangara. To wanda ya ce zai ajiye gizo ya ciyar da shi, ya san akwai surutu a gabansa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: wannan dabba ba za ta san ka ba, ba za ta taho in ka kira ta ba, ba ta da nama ba ta da nono. Kiwon kallo ne, kuma rabin gwanintarsa shi ne iya ƙyale abin da kake kiwo.

Kuskuren farko yakan faru tun wurin zaɓe. Masu wannan kiwo sun raba tarantula gida biyu. Akwai na nahiyar Amurka, akwai na Afirka da Asiya. Na Amurka yawancinsu sanyin hali gare su, tafiyarsu a hankali, dafinsu ga mutum mai lafiya bai cika wuce harbin zuma ko rina ba. Makaminsu na farko gashin bayansu ne: in an takura musu sai su karce shi da ƙafafun baya ya tashi a iska. Wanda ya taɓa sussukar gero ya san ƙaiƙayi, to haka yake a fata, in kuwa ya shiga ido sai an dangana da asibiti. Na Afirka da Asiya ba su da wannan gashi, saboda haka ba su da wata kariya sai gudu da cizo. Suna da saurin da ido ba ya bi, kuma dafin wasunsu yana sa ciwo mai tsanani da ɗaurewar jijiyoyi na kwana da kwanaki. Ba a tabbatar da cewa cizon tarantula ya taɓa kashe mutum ba, amma ba sai abu ya kashe ka ba sannan ya zama wahala.

Abin takaicin shi ne namu na Afirka ta Yamma suna cikin masu zafin kan. Heteroscodra maculata na Togo da Gana, da Stromatopelma calceatum mai zama a kan bishiyoyin kwakwar manja, ƙwararru ma da hantsaki mai tsawo suke hulɗa da su. Akwai kuma dangin Hysterocrates masu haƙa rami mai zurfi a ƙasa mai laima, waɗanda wani masanin gidan tarihi na Landan, Reginald Pocock, ya bayyana ɗaya daga cikinsu daga Najeriya a 1899. Duk waɗannan na dazukan kudu ne. Wanda ya ce maka ya kamo tarantula a bayan Dundaye, duba da kyau: sau da yawa wannan halitta ce mai ruwan ƙasa, mai manyan muƙamuƙai, da ke shigowa wurin fitila a guje da daren bazara. Ita ba gizo ba ce ta haƙiƙa, ba ta da dafi, kuma ba ta daɗewa a tsare.

Ga mai farawa shawarata ɗaya ce: na Amurka, mazaunin ƙasa ba mai hawa bishiya ba, wanda ya fito daga wuri mai fari. Brachypelma hamorii na Meziko mai jan gwiwa, Grammostola rosea na Chile, ko Aphonopelma chalcodes na hamadar Arizona. Tliltocatl albopilosus mai murɗaɗɗen gashi, na Amurka ta Tsakiya, shi ma haƙuri gare shi, sai dai yana son ɗan laima fiye da sauran. Kada ka ɗauki jariri mai girman farce don ya fi araha, iskar hunturu za ta busar da shi kafin ka ankara. Nemi matashi wanda faɗinsa ya kai santimita 5 zuwa 7. Ba za ka same shi a Kara ko a babbar kasuwa ba, kuma duk inda ka samo shi ka tambaya ko a hannun masu kiwo aka ƙyanƙyashe shi. Dangin Brachypelma duka suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, saboda yadda aka yi ta kwasarsu daga dajin Meziko, kuma Najeriya tana cikin yarjejeniyar tun 1975. Haka ita ma babbar baƙar kunamar nan irin duwu, da ake fitarwa daga Gana da Togo da Benin zuwa Turai. Ƙetare iyaka da irin waɗannan ba takarda laifi ne.

Ɗakinsa ba ya buƙatar kuɗi. Robar ajiye abinci mai haske, mai murfin da ke kamawa gam, ta wadatar. Faɗinta ya ninka faɗin gizon sau uku. A huda ƙananan ramuka da ƙusa mai zafi a gefe biyu masu kallon juna da kuma murfi, don iska ta ratsa. A zuba ƙasa mai zurfin santimita 10 zuwa 15, ƙasar da ba taki ba kuma feshi a cikinta, a gauraya ta da zaren ɓawon kwakwa in an samu. Rairayi zalla ba ya riƙe rami. Tsakanin ƙasa da murfi kada tazarar ta yi yawa, don in ya hau bango ya faɗo cikinsa na iya fashewa. A kifa masa sakaina ko fasasshen kasko ya riƙa shigewa, a ajiye murfin kwalba mai faɗi cike da ruwa. Shi ke nan. Gizo ɗaya, roba ɗaya. In ka haɗa biyu don kada kaɗaici ya dame su, da safe za ka tarar da ɗaya, ya ƙara ƙiba.

Yanzu ga inda littattafan Turawa za su ɓatar da kai. Waɗanda suka rubuta su a Ingila da Jamus da Amurka suke zaune, damuwarsu ita ce yadda za su ɗumama gizo. Shafi bayan shafi maganar tabarmar lantarki mai ɗumi ce da fitilar zafi. Ɗan yayata har ya fara neman inda zai sayi irin wannan tabarma, a Sakkwato, a watan Maris! Tarantula yana jin daɗi ne tsakanin digiri 24 da 28. Mu kuwa a Afrilu zafin rana na yau da kullum ya kai 40, wani lokaci ya wuce, kuma ɗakin kwano da azahar ya fi waje. Kada a ce ai na hamada ne. A hamadar ma ba a fili yake yini ba, yana can ƙarƙashin ƙasa inda sanyi yake, sai dare ya fito bakin rami. A cikin roba ba shi da wurin gudu sai wanda ka ba shi. Zurfin ƙasar da na faɗa, amfaninsa ke nan.

Dogaro da na'urar sanyaya ɗaki a garin da wuta ke zuwa yadda ta ga dama ganganci ne. Dabarun kakanninmu sun fi tabbas. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi na bulo da kwano nesa ba kusa ba. Ƙasan ɗaki ya fi saman kabad sanyi. Gindin randa ya fi ko'ina a gidan. Wanda yake son ya ƙara, ya ari dabarar Muhammad Bah Abba, malamin nan na Jigawa da ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda tukunya cikin tukunya: ƙaramar tukunya a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, ruwan yana tsattsafowa yana bushewa yana jan zafi. Don tumatir da alayyafo ya yaɗa ta, amma tana aiki ne sosai a busasshen zafi, irin namu na Maris da Afrilu. A sa robar gizon a ciki, a bar bakin tukunyar a buɗe ko a yafa ƙyalle mai shara-shara don iska. A sayi ɗan ma'aunin zafi a ajiye kusa da shi, kada a yi aiki da "ina jin kamar". Kuma ko da wasa kada hasken rana ya faɗa kan robar kai tsaye. Rufaffiyar roba a rana tanda ce.

Hunturu kuma ba sanyinsa ne abin tsoro ba. Daren Disamba da Janairu yakan sauka wajen digiri 15, gizon zai lafe, ya rage ci, ba komai. Bushewar ce matsala. Iskar da ke tsaga mana leɓe da diddige tana shanye ruwan murfin kwalba a yini ɗaya ko biyu. Gizo kuwa ba shi da tsokar miƙe wasu gaɓoɓin ƙafarsa, da ƙarfin ruwan jikinsa yake tura su su miƙe, kamar jak ɗin ɗaga mota. In ruwan jikinsa ya yi ƙasa sai ƙafafun su nannaɗe su shige ƙarƙashin ƙirji. Wanda ya ga gizonsa a haka, a kife, ƙafafu a dunƙule, ya kusantar da bakinsa ga ruwa nan take. Tarantula yana iya yin watanni bai ci ba, amma ƙishi ba ya ɗaga masa ƙafa. Duba ruwa kullum, kamar yadda kake duba na kaji. Kada kuma tsoron bushewa ya sa ka mayar da robar fadama: jiƙa kusurwa ɗaya ta ƙasar lokaci-lokaci ya isa, da damina ma a bari, don fumfuna tana jira.

Abinci shi ne mafi sauƙi, kuma a nan ne sabon mai kiwo yake wuce gona da iri. Gyare, kyankyaso, fara, wanda bai fi girman cikin gizon ba, ɗaya ko biyu a mako ga matashi, babba kuwa ko bayan mako biyu. Da rai ake ba shi. Idanunsa takwas amma ganinsa kaɗan ne, motsi yake ji ta gashin ƙafafunsa, don haka soyayyar farar kasuwa mai yaji taka ce, ba tasa ba. Ba ya tauna kamar mu: yakan soka fiƙoƙinsa, ya zuba ruwan narkarwa, ya tsotse, ya bar ɗan dunƙulen ƙashi da za ka ɗauke da hantsaki. Abin da bai ci ba zuwa washegari a fitar. Farar da aka kamo a fadamar Kwalkwalawa ko wata gonar albasa da shinkafa tana iya zuwa da maganin feshi a jikinta, kyankyason makewayi kuma Allah kaɗai ya san inda ya bi. Mafita ita ce ka yi kiwonsu da kanka a bokiti mai murfi, da dusa da ɓawon karas da kwalin ƙwai. Na shaida cewa shawo kan mutanen gida su yarda da gizo ya fi sauƙi a kan shawo kansu su yarda da bokitin kyankyasai.

Abokan gaba biyu suna cikin gidanka tun kafin ya zo. Na farko kiyashi da cinnaka, waɗanda ƙamshin ragowar abinci ke jawowa, kuma taron dangi suke yi wa gizo. A ɗora robar kan ɗan benci, ƙafafunsa a cikin gwangwanayen ruwa, yadda ake kare zuma. Na biyu ya fi muni: fiya-fiya. Da damina ta kankama sauro ya yi yawa, kowane gida feshi yake yi da magariba, a rufe ƙofa a fita. Abin da ke kashe sauro da kyankyaso yana kashe tarantula. Maganin sauro na kunnawa ma haka, hayaƙin turaren wuta mai yawa shi ma ba alheri ba ne gare shi. Ɗakin da gizo yake, gidan sauro ake ɗaurawa. Kuma a gaya wa kowa a gidan, har yaron da ake aike, don ranar da ka yi tafiya ce wani zai yi maka gwaninta.

Sai saɓa. Ƙashin gizo a waje yake, ba ya girma tare da shi, don haka dole ya tuɓe shi kamar yadda maciji ke yi. Matashi yakan yi sau da dama a shekara, babbar mace kamar sau ɗaya. Alamun suna zuwa tun da wuri: ya daina ci makonni, ya yi nauyin jiki, fatar bayansa ta yi duhu, wani ya toshe bakin raminsa da ƙasa da saƙa. Sannan wata rana ya shimfiɗa tabarmar saƙa ya kwanta rigingine, ƙafafu sama.

A haka Inna ta tarar da na gidanmu wata safiya, mai shi yana makaranta. Duk da maganar kishiya, ita ce ta fi kowa leƙa robar. Na ji ta daga zaure tana salati.

"Taho ka gani, abin yaron ga ya mace. Ɗauko mini tsintsiya in fid da shi tun bai yi wari ba."

Na ce, "Inna, a dakata masa. Riga yake sakewa."

Ba ta yarda ba, amma ta jawo kujera. Muka zauna har hantsi ya yi. Can sai bayan ƙirjinsa ya ɓalle kamar murfin tukunya, ya shiga zaro ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana hutawa. Da ya gama sai ga gizo biyu a robar, ɗaya fanko, ɗaya sabo fil, launinsa ya fito, fiƙoƙinsa farare kamar ba nasa ba. Inna ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce ikon Allah ya wuce gaban mamaki, ta tashi ta koma wurin dakanta.

Da ta taɓa shi da tsintsiyar nan, da ya mutu da gaske. Gizon da ke mutuwa a kife yake dunƙulewa. Wanda ya kwanta rigingine saɓa yake yi: ba taɓawa, ba juyawa, ba yayyafa ruwa. A tabbata babu gyare ko ɗaya a ciki, don gyare yana iya cin gizo a wannan hali. Bayan ya gama a bar shi da ruwa kawai, mako ɗaya ga matashi, biyu ga babba, har fiƙoƙin su koma baƙi. A saɓar ce ƙafar da ta guntule take sake tsirowa, kuma a jikin tsohuwar rigar ce masu ido suke gane mace ne ko namiji.

Maganar ɗauka a hannu ba zan ja ta ba. Mun tashi muna kallon gardawa suna ɗora kunama a fuska, suna rataya maciji a wuya, yanzu kuma ga TikTok, kowa yana son a ga jarumtarsa. Gizo ba ya sabo, ba ya jin daɗin hannu, jurewa kawai yake yi. Ya zabura, kai ma ka zabura, ya faɗo daga tsayin ƙugu kan siminti, cikinsa ya fashe. In dole ne a matsar da shi, a kifa masa kofin roba, a zura kwali ta ƙasa. A wanke hannu bayan an taɓa ƙasar robar, kada a murza ido, kuma a nesanta ta da yara da kyanwa.

Abu na ƙarshe da za ka auna kafin ka miƙa kuɗinka shi ne shekaru. Namiji in ya balaga ya daina zama, sai zagaye yana neman mace, kuma da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu bayan haka. Mace kuwa, ta nau'o'in Amurka da na ambata, tana iya kaiwa shekara 20, wasu har 30. Rago wata shida ne a rabu, wannan za ta ga aurenka, ta ga sunan 'ya'yanka. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abincinta ba, yana cikin Buhari da Muslim, kuma ba a ce sai kyanwa kaɗai ba. Sakin baƙon gizo a dajinmu shi ma ba mafita ba ne, kashe shi ne da hannun rana.

Ɗan yayata yana Kudu yanzu wurin bautar ƙasa. Robar tana gindin randar Inna, kuma ita ke cika murfin kwalbar kowace safiya bayan ta idar da lazimi. In ba ka da mai yi maka haka ranar da tafiya ta kama ka, ka bar gizo inda yake, ka sayi tantabara.